Kaset ɗin da ya iso bayan rasuwarsa

Bara jikata ta je Umara. Ta kira ni daga can ina ganin fuskarta a waya, tana ƙorafin wai datar ƙasar ta fi ta gida saurin ƙarewa. Na saurare ta har ta gama. A zamaninmu, wanda ya ƙetare ƙasa kaset ne ke haɗa mu da shi, kuma a gidan da na zauna kaset ɗin guda ɗaya ne.

Maigidana tela ne. Muna zaune a Dutsin-Ma, yana da ɗan shago kusa da kasuwa, har shekarun nan da damina ta riƙa gardama, mutane suka daina ɗinki sai na salla. Wasu 'yan garinsu da ke Jidda suka aiko masa cewa can ana neman masu keken ɗinki. Ya tafi ɗiyarmu tana goye, ko zama ba ta fara ba. Kafin ya tafi ya kai ni gidansu a Kurfi, wurin mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, da wansa, wanda shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu. Yaya muke ce masa. Akwai kuma ƙanwarsu da ba ta yi aure ba tukuna, ita ce abokiyar hirata.

Akwai wani Alhaji ɗan Birchi da ke zirga-zirga tsakanin nan da Jidda. Yana tafiya da kuka da daddawa da man shanu, ya dawo da turare da darduma. A cikin jakarsa akwai wata 'yar leda cike da kaset-kaset, kowanne an rubuta sunan gidan da za a kai shi. In ya sauka, kafin ya huta yara sun baza labari.

Yaya ne mai rikoda a gidan, baƙa mai hannu, an ɗinka mata riga kamar jaririya. Ranar da kaset ya zo sai a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a sa sabon batir, kowa ya zauna. Maigidana zai yi sallama, ya fara gaisuwa daga sama. Liman da dattawan unguwa, sai Inna, sai Yaya da iyalinsa, sai kawunnai da gwaggwanni har na ƙauye, sai abokansa, ya tambayi gona, ya tambayi tumaki. Ni ce ta ƙarshe. Ba ya kiran sunana a gaban manya. Sai dai ya ce, “Sai uwar yarinya,” ya faɗi abin da zai faɗa a gurguje. Ni kuwa ina can bayan turmi, kaina a sunkuye, ina tsinkar zogale kamar ba da ni ake ba.

In an gama ji, an kwana biyu ana maimaitawa, sai a mayar da amsa a kan kaset ɗin nan dai. A mayar da shi farko, Yaya ya danna jan madanni, muryarmu ta hau kan tasa ta shafe ta. Can ma in ya ji, ya shafe tamu ya ɗora tasa. Haka kowane gida ke yi a Kurfi. Yaya yakan ce in ƙaninsa ya ga kaset ɗin da ya aiko ya dawo masa, ya tabbata saƙonsa bai ɓata a hanya ba. Ban taɓa ganin aibin hakan ba. Wata muryar tana tafe, me za a yi da tsohuwa?

Ranar ɗaukar amsa ranar dariya ce. Inna takan matso da bakinta har ya taɓa rikodar, ta ɗaga murya kamar Jidda tana bayan katanga. In aka zo kaina sai harshena ya yi nauyi. Yaya na zaune, yatsansa a kan madanni, yana kallon ƙasa.

“Muna lafiya,” nakan ce. “Yarinya ta yi haƙora.”

“Shi ke nan?” in ji ƙanwar. Sai ta cusa kai. “Yaya na Jidda, ga matarka nan an ɗinke mata baki. Ko kai ka ɗinke shi kafin ka tafi? Ka aiko da almakashi.”

“Ke, batir kike ci,” in ji Yaya.

Wata rana na mintsini yarinyar a cinya don ubanta ya ji muryarta. Ta tsala ihu. Inna ta ce, “Wace irin uwa ce wannan? Ba ni kishiyata nan.” Duk ya shiga kaset, haka aka aika.

Yarinya ta fara tafiya, ta fara kiran tumaki da suna. Sai wata safiya wani mutum da ya dawo daga can ya yi sallama da Yaya a ƙofar gida. Zazzaɓi ne, in ji shi, bai daɗe yana jinya ba. 'Yan Kurfi da suke ɗaki ɗaya da shi su suka yi masa wanka, suka kai shi. Ba zan tsaya a kan wannan ranar ba. Na shiga takaba.

Muna cikin haka, zaman makoki ya watse, sai ga Alhajin Birchi. Ya baro Jidda tun kafin ciwon, ya tsaya a hanya wajen harkokinsa, a Kano ma ya ji labarin. Ya yi ta'aziyya, ya daɗe yana juya ledarsa, sannan ya miƙa wa Yaya kaset ɗinmu. Maigidana ya ɗauka yana da lafiyarsa.

Aka shimfiɗa tabarmi kamar kullum. Yaya ya danna. Sallamarsa ta fito garau, har da ƙarar keken wani a bayansa. Ya gaida liman, ya gaida dattawa. Ya ce, “Inna, ina ƙafar? An ce kin ƙi shan maganin da na aiko.” Nan Inna ta kife a kan tabarma. Tun ranar rasuwar ba ta yi kuka a gaban mutane ba, sai ran nan. Yaya ya bari ya ɗan ci gaba, muryar ta iso kansa, ta gaishe shi, ta tambayi gero. Sai ya kashe.

“Ya isa,” ya ce. “Allah ya jiƙansa.”

Ya ɗauki rikodar da kaset a cikinta ya kai ɗakin Inna, ya ɗora a kan akwati. Ni ina bayan turmi, ina jiran a ce, “Sai uwar yarinya.” Ba a iso wurin ba.

Na ɗauka za a sake sawa in Inna ta samu sauƙi. Ba a sake ba. Bayan 'yan makonni ƙanwar ta shigo ɗakina ta ce Alhaji zai koma jibi, gobe da hantsi liman da dattawa za su taru a zaure a ɗauki godiya zuwa ga mutanen da suka binne shi.

“A wane kaset?” na ce.

Ta dube ni. “Kaset nawa gare mu?”

Lokacin da muke Dutsin-Ma na ga yadda maigidana ke yi da kaset ɗin da ba ya so a shafe masa a shago. A ƙeyar kowane kaset akwai 'yan haƙora biyu na roba. In aka karya su, jan madanni ba ya dannuwa. Da safe na shiga share ɗakin Inna, tana bayan gida tana alwala. Na buɗe rikodar, na sa tsinken kitso na ɓalle haƙoran nan, na mayar da kaset ɗin yadda yake. Ban ɗauke shi ba. A tunanina in ya ƙi ɗauka za su haƙura su nemi wani, ba sai na buɗe baki ba.

Da hantsi suka taru. Na tsaya a bayan ƙofar zaure ta cikin gida, inda ake jingina tabarmi. Na ji Yaya ya mayar da kaset farko, na ji liman ya gyara murya. Sai ƙarar madanni yana ƙin shiga, ana sake dannawa.

“Wa ya taɓa kaset ɗin nan?” in ji Yaya.

“Mu gani,” in ji Alhaji. Ya yi 'yar dariya. “Haƙoran aka cire masa, ya zama tsoho irina. Ai ba komai. A cusa takarda a ramin, yanzu zai ɗauka.”

Na ji ana yaga kwalin batir. Ban san lokacin da na ja mayafina ba. Mai takaba ba ta fita zaure, balle zauren da maza ke ciki. Na sani, kowa ya sani. Na yi sallama, na durƙusa a bakin ƙofa.

Duk suka ɗago. Liman ya kau da kai. Kaset ɗin yana kan tabarma a gaban Yaya, shi kuma yana murza 'yar takarda a tsakanin yatsunsa.

“Lafiya?” ya ce. “Koma ciki.”

“Yaya, ni na karya haƙoran.”

“Na ji. Koma ciki, za mu yi magana.”

“Zan koma. A ba ni kaset ɗin.”

Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, “Mutanen nan sun yi masa wanka, sun ɗauke shi a kafaɗa, sun binne shi a ƙasar da ba tasu ba. So kike a ce gidanmu bai san godiya ba?”

“A yi musu godiya a wani kaset.”

“Wanne? Na karatun malam zan shafe? Alhaji da asuba zai kama hanya.”

Gaskiya ya faɗa, ban da amsarta. Sai na faɗi abin da ke raina, abin da mace ba ta faɗa a gaban wan mijinta.

“Yaya, kai ka ji taka gaisuwar. Inna ta ji tata. Malam liman ma ya ji tasa. Ni ban ji tawa ba. Ɗiyarsa ba ta san muryarsa ba, kuma wata ba ta tafe.”

Wani dattijo ya ce, “Subhanallahi.” Yaya ya ajiye takardar.

“Mamaci addu'a yake so,” ya ce. “Ba a riƙa tayar da muryarsa ana sa tsohuwa kuka ba. Kin ga yadda Inna ta yi. Ni ma kina tsammani daɗi na ji?”

“Ba zan sa a gaban Inna ba.”

“Na ce ki koma ciki.”

Na ja gwiwoyina na shiga zauren sosai, na ɗora tafin hannuna a kan kaset ɗin. Ban fizge ba, na dai danne shi a kan tabarma.

“Ɗauke hannunki.”

“Ba zan ɗauke ba, Yaya.”

Ba zai taɓa hannuna ba, ni na san haka, shi ma ya sani. A waje wani mai tallan rake ya wuce yana kira. Can Alhaji ya gyara zama ya ce, “Malam, ni fa bakina ma kaset ne, kuma ba ya cin batir. Ku faɗa mini godiyar, in na rage harafi ɗaya ku tsine mini in na dawo.” Ba wanda ya yi dariya. Liman ya ce, har yanzu fuskarsa tana bango, “A bar mata. Godiya ko da baki ta isa.”

Yaya ya daɗe yana kallon hannuna. Sannan ya ja rikodarsa gefe, ya mayar mata da rigarta.

“To ki riƙe,” ya ce. “Amma wallahi ba a rikodata ba.”

Na ɗauka, na ce na gode, na koma ciki da baya.

Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, “Kin ba mu kunya a gaban baƙi.” Na ce, “Na sani, Inna.” Matan maƙwabta suka riƙa shigowa da sunan duba mai takaba, kowace da nata. Wata ta ce in je in durƙusa in mayar masa. Wata ta ce muryar mamaci a ɗaki tana hana shi kwanciya. Wata gwaggonsu da ta zo daga ƙauye ta ce, “Abin da firamare ke jawowa ke nan.” Na ce mata, “Gwaggo, a firamare ba a koya mana kaset ba.” Kowace safiya ina gaida Yaya daga bakin ƙofa yadda na saba, ya amsa da kalma ɗaya. Bai rage mini hatsi ba, bai hana yarinya hawa cinyarsa ba. Ni kuma ban ba da haƙuri ba, don ban ga abin da zan ce na yi nadamarsa ba.

Kaset ɗin na naɗe shi a tsumma na sa a ƙasan kwallata. Ga shi a hannuna, ba abin da zan ji shi da shi. Akwai rikoda a wasu gidajen, amma wa zai ara wa matar da ta yi jayayya da Yaya a zaure? Wata rana ya tafi gona tun da sassafe, ƙanwar ta leƙo tana raɗa.

“Ya bar ta a kan akwati. Inna ta tafi barka. In ɗauko?”

Raina yana so. Sai na ce a'a.

“Ke kam! Kin shiga zaure kin tsare maza, yanzu kuma tsoron akwati kike?”

“Ya rantse,” na ce. “Kuma ni ba zan ji muryar mijina a sace ba, kunne ɗaya a ƙofa.”

Ta ce taurin kaina ya fi na jakin Yaya, ta fita.

Haka na ƙarasa takaba. Da na fita, mahaifina ya aiko in koma gida Dutsin-Ma. Inna ta ɗaura mini kuka da kuɓewa a ƙulli, ta riƙe yarinyar ta daɗe. Yaya ya raka mu har inda ake shiga kiya-kiya, ya ɗora kayana da kansa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Bai ambaci kaset ba, ni ma haka.

Da muka iso ban wuce gida ba. Na bar kayana wurin wata mai abinci da na sani a tasha, na goya yarinya na shiga kasuwa. A layin masu gyaran rediyo akwai wani mutumin kudu, Kirista, shagonsa cike da rediyoyin da aka farke wa ciki. Ban taɓa yi masa magana ba. Na kwance tsumman na miƙa masa.

“Hajiya, gyara ne?” ya ce da Hausarsa ta kasuwa.

“A'a. Ji zan yi.”

Ya juya kaset ɗin, ya ga ramukan, ya dube ni, ya dubi yarinyar. Bai tambaye ni komai ba. Ya share wani benci da hannunsa ya ce in zauna, ya goge cikin wata rikoda da auduga kafin ya sa, wai kada ta ci zaren.

Yaya ya riga ya mayar da shi farko, don haka daga sallama aka fara. Rana tsaka, masu kura suna wucewa, wani yana cinikin batir a shagon gaba. Na sauke yarinyar na zaunar da ita a cinyata. Aka gaida liman. Aka wuce ƙafar Inna, aka wuce geron Yaya. Daga nan duk sabo ne a kunnena. Kawunnai, gwaggwanni, wani abokinsa da ya yi aure, wata tunkiya da ya ce kada a sayar. Gefe ɗaya ya ƙare, mai gyaran ya juya. Sai na tuna akwai karon da ya yi ta gaishe-gaishe har zare ya ƙare bai iso kaina ba. Na zuba wa 'yar tagar kaset ɗin ido, zaren yana raguwa a gefe ɗaya, shi kuwa yana ba da labarin tsadar albasa a Jidda.

Sai ya yi gyaran murya. “Sai uwar yarinya.”

Mai gyaran ya tashi ya fita bakin shago, ya tsaya ya ba mu baya. Wani ya zo da rediyo a hammata, na ji ya ce masa ya dawo anjima.

Ba wata doguwar magana ba ce. Ya ce an ce yarinya ta fara tafiya, a kula da ita wajen rijiya. Ya ce ya ɗinka mata 'yar riga da ragowar yadi, amma ba zai ba Alhaji ba, kada ta iso tana warin daddawa, da kansa zai kawo. Ya yi dariya, wani a bayansa ma ya yi. Sannan ya ce, “Ke kuma, wancan karon magana biyu kika yi kika yi shiru. Wannan karon ki ƙara. Yaya ba zai cinye ki ba.” Ya yi addu'a, ya yi sallama. Zaren ya ci gaba da juyawa babu komai a kai, har madannin ya tashi da kansa.

Yarinyar ta miƙa hannu tana son taɓa rikodar. Na ce mata, “Babanki ne.” Ta dube ni, ta dubi akwatin, ta ci gaba da wasa da bakin mayafina. Ban matsa mata ba. Shekaru suna gaba, kuma kaset ɗin yana hannuna.

Mai gyaran ya dawo, ya tsaya yana goge hannu da tsumma.

“A cire?” ya ce.

Na san a gida an ga kiya-kiyar Kurfi ta iso, ana can ana tambayar ina na tsaya. Na gyara wa yarinyar zama.

“A'a,” na ce. “Mayar da shi baya kaɗan. A ƙara.”